Direbana ya ba tela lissafin mai ƙanƙara: yaya ake riƙe taswirar bit a kanel?

Ɗan Gareji

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mako biyu ke nan wata matsala ta hana ni barci, na kuma san akwai manya a nan da suka daɗe suna cin tuwo da kanel ɗin Linux.

Aikina kula da mitocin wutar sola ne a wata kasuwa. Muna da allo mai FPGA, wato guntun lantarki da ake tsara masa aikinsa, da ke magana da mitocin, yana da ramukan umarni 48. Ka ɗauki rami, ka rubuta lambar mitar da kake so, na'urar ta je ta karanto, ta ajiye amsa a ramin, ta buga maka intaraf, wato siginar da ke sanar da furosesa an gama. Ba ni na rubuta direban ba, wato kod ɗin kanel da ke sarrafa allon, gadonsa na yi daga wanda ya bar aikin kafin in zo. Shekaru yana tafiya lafiya a kan BeagleBone Black. Bana muka koma Compute Module 4 na Raspberry Pi da kanel mai bit 64, aka sake allon ya bi ta PCIe. Ga yadda yake gane ramin da ke hannu da wanda babu kowa, da taswirar bit, wato bit ɗaya ga kowane rami:

```
struct mita_dev {
        u32 id;
        u32 aiki[2];
        struct rami rami[48];
};

n = find_first_zero_bit((unsigned long *)d->aiki, 48);
set_bit(n, (unsigned long *)d->aiki);
d->rami[n].mita = lamba;
```

Ranar farko, ina loda modul ɗin, umarni na farko kanel ya faɗi. A cikin abin da ya zubo na ga layin `FSC = 0x21: alignment fault`. Na ɗan yi bincike, na liƙa `__aligned(8)` a gaban `aiki`, faɗuwa ta tsaya, na ce alhamdulillahi muka kai kasuwa.

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Yanzu ba ya faɗuwa, amma sau ɗaya ko biyu a yini karatun wata mita sai ya faɗa a asusun wata. Shekaranjiya wani tela mai keke biyu da fanka ɗaya ya tare ni a bakin shagonsa da waya a hannu, an caje shi abin da mai sayar da ƙanƙara na layin baya ya sha, mutumin da firiza huɗu ke masa ruri dare da rana. Dattijo ne, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, ni da ƙanƙara sai a azumi." Na rasa inda zan sa kaina.

Ina zargin waɗannan layukan uku ne, amma `set_bit` ai an ce ba a katse shi, to ta ina ɓarawon ke shiga? Kuma mene ne hanyar da ta dace tun asali? Ba na son in sake yin faci a kan faci.

Tsohon Injiniya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zarginka daidai ne, sai dai a layukan nan uku ɓarayi uku ne, kai ɗaya ka gani, shi ma ba kama shi ka yi ba, ƙofa ka canza masa.

Mu fara da wanda ya kayar da kai. Duk ayyukan bit na kanel, `set_bit`, `test_bit`, `find_first_zero_bit` da 'yan'uwansu, a kan `unsigned long` suke aiki. A Cortex-A8 na BeagleBone wannan bayit 4 ne, daidai da `u32`, don haka ƙaryar da wanda ka gada ya yi wa kwamfaila ba ta taɓa fitowa ba. A arm64 bayit 8 ne. `id` ya ci bayit huɗu na farko, `aiki` ya fara bayansu a adireshi 4, umarnin `ldxr` da `stxr` da Cortex-A72 na Pi ɗinka ke amfani da su kuwa ba sa yarda da adireshin da 8 ba ta raba shi. Shi ne 0x21 ɗin da ka gani. `__aligned(8)` ta rufe bakin furosesa, amma har yanzu kana nuna masa `u32` biyu kana cewa `long` ɗaya ne. Sa'arka arm64 ɗinka ƙaramin bayit yake sa wa a gaba. A kan s390 na IBM, mai sa babba a gaba, bit na 0 zai faɗa cikin `aiki[1]`. Ka cire duka, ka rubuta:

```
#define RAMUKA 48
DECLARE_BITMAP(aiki, RAMUKA);
```

Wannan ba komai ba ne illa `unsigned long aiki[BITS_TO_LONGS(48)]`: guda biyu a bit 32, guda ɗaya a bit 64, kuma ba sai ka tilasta wa manuni canza jinsi ba. Ni duk inda na ga `(unsigned long *)` a gaban hujjar aikin bit, nan nake tsayawa da karatu. Ka duba mai amsa intaraf ɗinka ma. Ina da yaƙinin za ka samu an karanta rajista cikin `u32 st` sannan an miƙa `(unsigned long *)&st` ga `for_each_set_bit`. Wannan yana karanta bayit 8 daga wurin da ke da 4. Ka mai da `st` ɗin `unsigned long` tun farko, shi ke nan. In kuma za ka rubuta taswirar cikin rajistoci biyu na FPGA, akwai `bitmap_to_arr32` da `bitmap_from_arr32`, don wannan aka yi su.

Na biyu shi ne wanda ya cuci tela. Gaskiya ne `set_bit` ba a katse shi, amma shi kaɗai. Tsakanin nemo rami da sa masa alama akwai ɗan fili. Ka ɗauka tasha ce: kai ka leƙa mota ka ga kujera ta bakwai babu kowa, ni ma na leƙa ta ɗaya tagar na ga haka, kowa ya je ya ɗora jakarsa. Ɗora jakar bai samu matsala ba, amma mu biyu ne a kujera ɗaya. `set_bit` ba ya gaya maka ko ya tarar da bit ɗin a kunne. Sai cibiyar furosesa ta farko ta rubuta lambar mitar tela a `rami[7]`, ta biyu ta zo ta shafe da ta mai ƙanƙara, amsa ɗaya ta dawo, kowa ya ɗauka tasa ce. AM335x na BeagleBone cibiya ɗaya gare shi, sai an yi rashin sa'a an katse aikin daidai tsakanin layukan biyu. BCM2711 na Pi huɗu gare shi, suna gudu tare da gaske.

Na uku bai cije ka ba tukuna, ko ya cija ba ka sani ba. Idan ramuka sun cika, `find_first_zero_bit` ba ya dawo da lambar kuskure, girman da ka ba shi yake dawo maka da shi, wato 48. Sai ka kunna bit na 48, ka rubuta a `rami[48]`, wanda babu shi. Duk abin da ke bayan wannan tsarin a memori ya sha duka. Ayyukan bit ba sa duba iyaka ko kaɗan, lambar da ka ba su ita suke bi.

Ga yadda ake yi ba tare da makulli ba:

```
do {
        n = find_first_zero_bit(d->aiki, RAMUKA);
        if (n >= RAMUKA)
                return -EBUSY;
} while (test_and_set_bit_lock(n, d->aiki));
```

In wani ya riga ka, aikin zai dawo da 1, ka koma ka sake nema. Wajen saki kuma `clear_bit_unlock`, ba `clear_bit` ba, kuma bayan ka gama kwashe amsar. Dalili: `set_bit` da `clear_bit` ba sa tsara jerin shiga memori. Furosesan ARM yana da damar bari wata cibiya ta ga ramin ya saku kafin karatunka na ƙarshe daga cikinsa ya kammala.

Hanya ta biyu, wadda ni na fi so ga direba irin naka, `spin_lock_irqsave` ka riƙe, ka nema, ka duba iyaka, ka yi `__set_bit` mai layi biyu a gaba, ka cika ramin, ka saki. Ramuka 48 ba su kai a yi musu wayo ba, kuma wanda zai gaje ka zai karanta ya gane. Abin da ba a yi shi ne haɗa biyun. `__set_bit` karanta kalmar gaba ɗaya yake yi, ya gyara, ya mayar. In wani can yana `clear_bit` a kan wani bit na wannan kalmar ba tare da makullin ba, za ka dawo masa da bit ɗin da ya goge, ramin ya maƙale har abada. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Tambaya ɗaya: a mai amsa intaraf, a wane layi kake goge bit ɗin, kafin kwashe amsa ko bayan?

Uwar Biyu

Baba Injiniya ya gama magana a kan gyaran, Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da zan ƙara, Ɗan Gareji, kar ka yarda da idonka. Direban da aka rubuta da irin wannan hannun, ba wuri ɗaya ya yi wannan ba.

Ka ware allo ɗaya a kan tebur, ka harhaɗa kanel da `CONFIG_KASAN`, ka kunna `CONFIG_PROVE_LOCKING` in ka bi hanyar makulli. KASAN, mai kama kod ɗin da ya taɓa memorin da ba nasa ba, yana cikin kanel tun 4.0 a 2015, yana cin kashi ɗaya cikin takwas na memori don inuwarsa, kuma na'urar za ta yi nauyi sosai, don haka ba na kai wa kasuwa ba ne. Amma ayyukan bit suna da ƙugiyarsa a jikinsu, duk wanda ya taka waje zai faɗa maka layin. Sai ka rubuta ɗan shiri mai zare takwas ko goma da zai yi ta jefa umarni ba hutu har ramukan su cika. Matsalar da ke zuwa sau biyu a yini a kasuwa za ta zo maka cikin mintoci. Ka kuma gudanar da Smatch na Dan Carpenter, shirin da ke binciko kurakurai a kod, a kan fayil ɗin, ba ya cin komai.

Sannan ka tambayi kanka ko kana bukatar taswirar da hannunka ma. In abin da kake so kawai lamba ce da babu mai ita, akwai IDA: `ida_alloc_max(&d->ida, RAMUKA - 1, GFP_ATOMIC)` da `ida_free`. Yana da makullinsa a ciki, in an cika ya dawo da `-ENOSPC`, kuskure na gaskiya mai alamar ragi da ba za ka ɗauka lambar rami ba ce. Lura da `- 1` ɗin nan, iyakar tana cikin lissafi. Na taɓa sa 32 a inda ya kamata 31, na kwana uku ina zagin na'urar da ba ta yi laifi ba. Aibinsa a wurinka shi ne yana iya neman memori yayin rabawa, kuma ba za ka iya ɗaukar taswirar ka rubuta wa FPGA ba. In kana bukatar wannan, tsaya a kan `DECLARE_BITMAP`.

Wani abu: akwai inda lambar rami ko ta mita ke shigowa daga shirin mai amfani ta `ioctl`? In akwai, duba iyaka kafin ta taɓa `test_bit`, ka bi da `array_index_nospec`, abin da aka shigo da shi bayan gano raunin furosesa mai suna Spectre a farkon 2018. Kuma kar ka kwafe `unsigned long` kai tsaye ka miƙa wa shirin sama. Pi 4 yakan tashi da kanel mai bit 64 ko da shirye-shiryen da ke kansa na bit 32 ne, kowa da girman `long` ɗinsa. Ka buɗe `drivers/input/evdev.c` ka karanta `bits_to_user`, za ka ga wahalar da suka sha a kan wannan, kuma su ba su da damar canzawa don an riga an saba. Kai kana da dama: ka fitar da `__u32` ko `__u64` mai tsayayyen girma.

Mai Kaguwa

Manya ku yi haƙuri in tsoma baki, kun san inda zan dosa. Duk ukun da Baba ya lissafa, harshen C ne ya bar ƙofarsu a buɗe. A Linux 6.18 an shigar da taswirar bit ta harshen Rust, aikin Burak Emir, ta hannun Yury Norov mai kula da wannan ɓangaren. A ƙasa ayyukan C ɗin nan dai take kira, amma ta sa musu linzami. Taswirar ta san tsawonta, ba sai ka riƙa tuna mata 48 a kowane kira ba. `next_zero_bit` ba ya dawo da girma in ya rasa, `None` yake dawo da shi, kwamfaila kuma ba za ta bar ka ka yi amfani da shi kamar lamba ba. `set_bit` na can, wanda ake iya katsewa, sai kana riƙe da taswirar kai kaɗai da `&mut` zai yarda, ma'ana in ana raba ta tsakanin zaruruwa dole ka bi ta makulli kafin kod ɗin ya harhaɗu. Haɗa mai layi biyu da marar layi da Baba ya ce ba a yi, a can ba ka ma da hanyar yi cikin kod na yau da kullum. In ka ba shi lambar da ta wuce iyaka ba zai taɓa memorin maƙwabci ba, in kuma ka kunna `CONFIG_RUST_BITMAP_HARDENED` tsayar da kanel zai yi nan take. Direban Binder na Android da aka sake rubutawa da Rust shi ma a 6.18 ya shiga. Yaya Ɗan Gareji, direbanka ƙarami ne, me zai hana?

Tsohon Injiniya

Mai Kaguwa, ɗana, na san ba za ka bari a tashi ba ka kawo kaguwarka ta Rust ba. Biyu daga cikin ukun na ba ka: canza jinsin manuni da lambar 48, waɗannan Rust ta rufe su, kuma rufi mai kyau. Ɗayan da ya rage fa, na mutum biyu a kujera ɗaya? Akwai `set_bit_atomic` a can da ke karɓar `&self`. In mutum ya nemo rami da `next_zero_bit` sannan ya kira shi, kwamfaila ba ta ga laifi ba, memori bai ɓaci ba, tela kuma ya sake biyan kuɗin ƙanƙara. Rust tana tsare memori, ba ta san cewa kujera ta mutum ɗaya ce ba sai ka gina mata hakan.

Kuma yaron nan yana da kasuwa a wuyansa yau. Kanel ɗin da ke kan allonsa bai kai 6.18 ba, in na canka daidai. Gyaran layi goma ne a C. Ya yi shi, ya biya tela, in ya so ya koyi Rust da azumi.

Ɗan Gareji

Na dawo da rahoto. Baba, ka canka, 6.6 ne a kan allon. Amsar tambayarka kuma, kunya ta sa na yi kwana biyu ban ba da ita ba: `clear_bit` shi ne layin farko a cikin zagayen, kwashe amsar yana layi huɗu a ƙasa. Wato ko babu maganar jerin memori, da hannunmu muke sakin ramin amsa tana ciki. `u32 st` ɗin ma yana nan yadda ka faɗa, har da `(unsigned long *)&st`.

Na bi hanyar makulli. `DECLARE_BITMAP`, `spinlock` ɗaya, `__set_bit` da `__clear_bit` duk a ƙarƙashinsa, duba `n >= RAMUKA`, saki bayan kwashewa. IDA ban ɗauka ba, don FPGA ɗin yana son a rubuta masa taswirar a rajistoci biyu, `bitmap_to_arr32` ya yi wannan.

Yaya Uwar Biyu, Allah ya saka da alheri, shawararki ce ta fito da abin da ba wanda ya nema. Kafin in gyara komai na fara gwada tsohon direban da shirin zare takwas, ina sa kowace amsa ta zo da lambar mitarta don in kwatanta. Kafin in gama shan shayi amsoshi sun fara sauka a gidan da ba nasu ba. Da na sa gyaran, ya kwana yana gudu babu ko ɗaya. Amma KASAN bai yi shiru ba. Ya buga `slab-out-of-bounds` a wani wuri dabam, inda ake riƙe jerin mitocin da suka daina amsawa, guda 200:

```
d->shiru = kzalloc(BITS_TO_LONGS(200), GFP_KERNEL);
```

An manta a ninka da `sizeof(long)`. `BITS_TO_LONGS(200)` a bit 64 huɗu ne, wato bayit 4 aka nema a inda ake bukatar 32. A tsohon allon ma kuskure ne, bayit 7 a madadin 28, shekaru yana rubutu ko dai a rarar da kanel ke bari a bayan abin da ka nema, ko a kayan wani, ba wanda ya ji. Na mai da shi `devm_bitmap_zalloc(dev, 200, GFP_KERNEL)`, wanda ke karɓar adadin bit kai tsaye kuma ya saki kansa in an cire na'urar. A ƙasansa kaɗan kuma na samu `memset` da 0xff a kan taswirar, na canza zuwa `bitmap_fill`, don in daina lissafin bayit da ka gaba ɗaya.

Mai Kaguwa, ban ƙi taka ba. Na sauke 6.18 a kwamfutata ina karanta `rust/kernel/bitmap.rs` da dare, abin da na gane bai kai rabi ba tukuna, zan zo da tambayoyi.

Abin da ya rage mini yanzu ba na kanel ba ne. Muna da bayanan mako biyu da ban san adadin karatun da suka sauka a asusun da ba nasu ba. Sa'a ɗaya, mitocin suna riƙe jimillarsu a cikinsu, don haka gobe da safe zan bi layi-layi da sabon modul da littafi, in karanta kowace da ido in kwatanta da abin da ke asusu. Daga shagon tela zan fara, na riga na gaya wa mai ƙanƙara ya tanadi haƙuri.